Rabon Kifin Sawudatu

Mashudu ya san abin da ake nufi idan ƙafar mai ciki ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Shi yake koya wa mutane. Ya ga ƙafar matarsa, ya gane, ya kau da kai, kuma saboda kifi ya yi haka. Kada wani ya ce jahilci ne, kada kuma a ɗora wa yunwar shekarar tamanin da uku. Yunwa ta shiga kowane gida a Tamale, amma ba kowane maigida ne yake yawo da makullin akwatin awo a aljihunsa ba.

Safiyar Talata ce, ranar awon masu ciki. Sawudatu tana zaune a bakin gado tana kokawa da farin takalminta na aiki. Na dama ya shiga da ƙyar. Na hagu ya tsaya a rabin ƙafa. Ta danna ƙwaurinta da yatsa, ta ɗaga, ramin ya zauna a wurin kamar an danna tuwon da ya kwana. Ta zuba masa ido tana jiran ya cike. Bai cike ba.

"Maigida, dubi nan."

Mashudu yana gaban madubi yana ɓalle maɓallan farar rigarsa. Ta cikin madubin ya duba, bai juyo ba.

"Ciki wata takwas, me kike so ƙafa ta yi? Sa silifa mu tafi, mata suna jira."

Ba likita ba ne shi, mataimakin likita ne. Amma likitocin gaske sun daɗe da tsallakawa ƙasashen waje neman abinci, don haka a asibitin Gindin Kuka, ɗan sha-ka-tafin da ke can ƙarshen Lamashegu, kowa Dokta yake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Sawudatu nas ce a ƙarƙashinsa. A gida matarsa ce, a asibiti ma'aikaciyarsa, ko'ina ta juya dai shi ne mai magana ta ƙarshe.

Da suka isa, benci ya cika. Matan zango, Dagwambawa daga ƙauyukan gefe, da Fulani biyu da suka ajiye ƙoren nononsu wayam a ƙarƙashin ƙafa, don shanun sun daina ba da komai. Kowace ƙashin wuyanta ya fito kamar ta sa sarƙa, cikin ne kawai a gaba. Sawudatu ta tsaya ta yi musu karatun da take yi kowace Talata, da Hausa, sannan da Dagwambanci.

"Ku rage gishiri. In kin ga ƙafa ta kumbura, ko kai yana sarawa, ko kina ganin ƙyalƙyali a ido, kada ki jira Talata, ki zo a auna ki."

Wata mai suna Fusena, mai tuyar ƙosai a da can lokacin da akwai wake, ta ɗaga hannu.

"Sista, wane gishirin za mu rage? Wanda muke gani a mafarki? Ni ruwan toka nake zuba wa miya tun kafin azumi."

Benci ya kwashe da dariya. Sawudatu ma ta murmusa, duk da murmushin ya ja mata wata jijiya a ƙeya. Ta buɗe akwatin awon jini, tsohon akwatin ƙarfe mai dogon gilashi a ciki, wanda ruwan zaiba mai kama da narkakkiyar azurfa yake hawa yana sauka a cikinsa. Shi kaɗai ne a asibitin. Ta riƙa ɗaura ƙyallen a damatsan matan ɗaya bayan ɗaya, tana matsa robar, tana sauraro. Duk jininsu lafiya, wasu ma ya yi ƙasa.

Fusena tana warware hannun rigarta ta sunkuya ta dubi ƙasa.

"Yau silifa, Sista? Kai, ƙafar nan taki ta fi kowa ƙoshi a garin nan."

Sawudatu ta ja ƙafar ta tura ƙarƙashin tebur, ta ce, "Ta gaba."

* * *

Da azahar ta gabato akan rufe ƙofar gaba, ma'aikata su zagaya baya, gindin kukar da ta ba asibitin suna, su zauna a kan kwano ɗaya. Su huɗu ne: Mashudu, Sawudatu, Sista Azeta ungozoma wadda ta girme su duka, da Abdulgafaru mai wankin miki.

Tun da damina ta ƙi, wutar daji kuma ta lashe abin da ya rage a gonaki, wata ƙungiyar agaji take aiko wa ma'aikatan lafiya da abinci don kada su watse. Garin masara ja, ɗan mai, da kobi, wato kifin da aka binne cikin gishiri aka shanya har ya yi fari fat, ya yi tauri kamar fatar takalmi. A lokacin wadata mace takan jiƙa kobi ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa ta zubar, kafin ta kai shi tukunya. A wannan shekara ba mai zubar da komai. Motocin gishiri sun daina hawowa daga bakin teku, babu taya, babu mai, ɗan abin da ya iso kuwa 'yan kalabule, masu tsawwala farashi, sun ɓoye a ƙarƙashin gado. Gishirin da ke jikin kifin shi ne gishirin gida. A kankare shi da wuƙa a tara a gwangwani, a gasa kifin yadda yake, a jiƙa gari, a barbaɗa a kai.

Ma'aikatan sun kuma gano wata dabara. Gishiri yana kawo ƙishirwa, ruwa yana cika ciki, cikin da ya cika da ruwa yakan yi shiru har la'asar. Don haka da safe kobi da koko, da rana kobi da gari, da yamma kobi a miya. Mutanen da suke hana jama'a gishiri sun fi kowa a garin cin sa.

Ranar Sawudatu ta riƙa ɗibar garin daga gefen da barbaɗin bai kai ba, ta ture yankin kifinta da bayan yatsa.

"Amarya ta yi fushi da kifi?" in ji Azeta. Shekara shida da auren, amma har yanzu Amarya take ce mata.

"Kaina ne yake sarawa, Sista."

"Kan wa ne ba ya sarawa?" Abdulgafaru ya zaro ƙwayoyin asfirin daga aljihu ya shimfiɗa a tafin hannu kamar goro. "Ga maganin ma'aikata. Biyu da safe, biyu da rana. In ba kya cin kifin nan ki turo mini, ba na fushi da kowa."

Sawudatu ta dubi Azeta, ta rage murya.

"Da za ki ɗaura mini akwatin nan ko sau ɗaya."

Azeta ta ajiye lomarta ta yi dariya har da buga cinya.

"Ku ji mini yarinya. Ki miƙa hannu? To gobe sai ki zo da katinki ki hau benci kusa da Fusena."

Haka al'adar take a wurin, ba kuma a wurin kaɗai ba. Ma'aikacin asibiti ba ya miƙa hannunsa a auna. Awo na masu benci ne. Wanda ya sa farar riga yana ganin kamar rigar ta raba shi da jiki irin na mutane, ciwo ya san shi, ba zai taɓa shi ba. Azeta ta fi shekara ashirin tana ɗaura ƙyallen nan a damatsan mata, bai taɓa hawa nata ba.

Abdulgafaru ya miƙe ƙafarsa mai tabon kurkunu, ya ce yana tauna, "Kuma in awo ya ce ki kwanta, kin san doka. Ni da kurkunu ta kwantar da ni, ko ƙayar kifi ba a aika mini gida ba. Yarana kukar nan suka riƙa tsinka suna dafawa. Ko ba haka aka yi ba, Dokta?"

"Doka doka ce," in ji Mashudu, bai ɗago ba.

Shi ya kafa ta. Lokacin da ma'aikata suka fara guduwa layin masara suna barin marasa lafiya, ya ce rabon agaji na wanda aka gani tsaye a bakin aiki ne, duk wanda ya kwanta ya rasa. Ya faɗa wa mutanen ƙungiyar, suka yaba masa, suka ɗauka. Ya zartar da ita a kan Abdulgafaru ba tare da ya ƙifta ido ba. Yanzu dokar ta zagayo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa.

* * *

Gidan yana da baki da yawa. Akwai Mma Humu, mahaifiyar Mashudu. Akwai ƙanensa Usumanu, wanda aka koro daga Legas a farkon shekarar da mace da 'ya'ya uku da rediyo marar batir. Albashin wata ba ya kaiwa mako. Rabon Mashudu da na Sawudatu su suke riƙe da tukunyar, tukunyar kuwa ɗaya ce, don itacen da za a ɗora ta biyu babu shi.

Bayan magariba Sawudatu ta sami Mashudu a ɗaki yana cire safa. Ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo, ta gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba.

"Maigida, zobena ya ƙi fita."

"Ki sa sabulu."

"Wane sabulun? Ba zancen zobe nake ba. Ka san abin da nake faɗa. In wata ce ta zo maka da ƙafa haka, da fuska haka, me za ka ce mata?"

"Ke ba wata ba ce."

"Jikina irin nata ne."

Daga tsakar gida ana jin 'ya'yan Usumanu suna faɗa a kan ƙanzo, ana jin wuƙar Mma Humu tana kankarar kifi, ƙarr, ƙarr, gishirin yana zuba cikin gwangwani.

"Kina jin su?" ya ce. "In na auna ki na ga abu, dole in ce ki kwanta. In kin kwanta, rabin tukunyar can ya tafi. Ko so kike in ce dokar ta Abdulgafaru ce kawai, ban da matar Dokta? Da wane ido zan dubi mutane?"

"To kada ka ce komai. Ka auna kawai, mu sani."

"In mun sani sai me? Akwai magani a kanti? Saura 'yan makonni ki sauka. Uwata ta haife mu bakwai ba wanda ya matse mata hannu."

Aka kawo tuwo. Miyar kuka ce, da kan kobi a tsakiya, gishirin har yana ɗaure harshe. Sawudatu ta gutsuri tuwon tana ci gaya. Mma Humu ta lura.

"'Yata, ci da miya. Mai ciki ba ta cin gaya, ɗan zai fito da ƙaton kai ba jiki." Ta tsamo tsokar kumatun kifin, wadda ta fi ko'ina daɗi, ta ɗora mata a gaba. Da ƙauna ta yi, ba ta san komai ba. Wanda ya sani yana gefe yana suɗar yatsa.

Sawudatu ta ci. Ba a mayar wa suruka da loma.

* * *

Talatar da ta biyo, da mace ta ƙarshe ta fita, Sawudatu ba ta rufe akwatin ba. Ta tura ƙofar ɗakin awo, ta naɗe hannun rigarta, ta yi ƙoƙarin ɗaura ƙyallen da hannu ɗaya da haƙori. Ya zame. Ta sake, ya zame. A haka Azeta ta shigo ta same ta.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta dubi fuskar, idanun sun shige cikin kumburi kamar wadda ta kwana tana kuka.

"Kawo," ta ce. "Amma ban gani ba, ban ji ba."

Ta ɗaure, ta sa abin sauraro a kunne, ta matsa robar. Zaiba ta hau. Ta sassauta, tana kallo. Sai ta sake matsawa, ta kai ta can sama fiye da na farko. Hannunta ya tsaya.

"Nawa, Sista?"

"Bari in sake."

"Nawa?"

"Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma."

Sawudatu ta rufe ido. Macen da ta kai haka, ita da kanta takan riƙe hannunta ta raka ta bakin titi, ta ce kada ta biya gida, ta wuce babban asibiti.

Ƙofa ta buɗe. Mashudu ne, ya zo karɓar akwatin ya kulle kamar kullum, Abdulgafaru yana bayansa da bokitin ruwa. Ya dubi damtsen matarsa a ɗaure, ya dubi Azeta.

"Sista, ke ma?"

Azeta ta faɗi lambar. Mashudu ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa, ana ganin wata jijiya tana harbawa a gefen goshinsa. Sai ya yi abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya zauna a kan bencin marasa lafiya, ya miƙa damtse.

"Ɗaura mini."

Azeta ta ɗaura. Zaiba ta hau, ta hau, ta wuce inda ta tsaya wa Sawudatu.

"Ɗari biyu bisa ɗari da ashirin," ta ce a hankali.

Mashudu ya kwashe da dariya. Ya miƙe, ya buga ƙirji, ya durƙusa ya tashi sau biyu.

"Kun gani? Mai ɗari biyu yana hawa keke daga nan zuwa Kanvili ya dawo? Abdulgafaru, zo nan. Kai da ba ka da ko tsoka."

Na Abdulgafaru ma ya hau. Aka juya kan Azeta, ta ce ita a bar ta, Mashudu ya kama hannunta ya ɗaura da kansa. Ɗari da saba'in bisa ɗari. Ta ja hannunta da sauri kamar ta taɓa garwashi.

"To," in ji Mashudu. "Mu huɗu duk muna bakin kabari, ko akwati ne ya lalace? Ku zaɓa."

"Akwati ne," in ji Abdulgafaru. "Ai ya girme ni."

"Ba ɗazu na gama auna mata da shi ba?" in ji Sawudatu. "Benci guda, duk daidai. Fusena ma daidai. Su ba sa cin abin da muke ci. Dokta, kwanon can ne. Safe, rana, yamma."

"Da safe akwai sanyi. Yanzu rana ta dafa zaibar, ta kumbura. Ba a koya muku wannan ba?"

"To a gwada gobe da sassafe."

"Ba za a gwada ba. Ba zan bar lalataccen abu yana tsorata mutane ba. Kumasi za a aika shi gyara."

Sawudatu ta juya wajen Azeta. Magana ɗaya daga babbar ungozoma da ta isa. Azeta tana murza damtsenta inda ƙyallen ya matse. Mahaifiyar Azeta faɗuwa ta yi a bakin murhu, ta shekara uku a kwance ba baki. Idan akwatin gaskiya ya faɗa wa Sawudatu, to gaskiya ya faɗa mata ita ma.

"Dama robar ta daɗe tana zuƙewa," in ji Azeta, tana kallon bango.

Mashudu ya rufe akwatin, ya kai ofishinsa, ya sa a aljihun tebur, ya murza makulli. Ba a aika shi Kumasi ba. Talatar da ta biyo aka duba matan benci da ido kawai, aka ce musu su rage gishiri.

* * *

Daga nan Sawudatu ta daina samun wurin da za ta ajiye jikinta. In ta zauna, ƙeya ta sara. In ta kwanta, numfashi ya toshe. In ta tashi, wasu ƙananan taurari su riƙa yawo a gefen idonta, ta kai hannu ta kore su kamar ƙudaje. Wani maƙeri a Dabokpa ya yanke mata zoben da zarto, ya ce bai taɓa ganin yatsa ya haɗiye azurfa haka ba. Abin cikinta, wanda a da yake shure-shure in ta sha koko, ya koma motsi kaɗan-kaɗan kamar mai jin barci.

Wata safiya ta ɗaura mayafi maimakon hular aiki.

"Babban asibiti zan je."

Mashudu ya tare ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Ki je su ce matar Mashudu ta zo da ƙafarta, mijinta bai iya duba ta ba? Kuma kin san suna ganin ki za su riƙe ki. Alhamis motar rabo za ta zo. Ki tsaya a gan ki cikin farar riga, ki karɓa, Jumma'a ni da kaina zan ɗauke ki a keke."

"Ka yi alkawari?"

"Na ce zan kai ki."

Ta cire mayafin. Ta tuna 'ya'yan Usumanu da yadda suke bin hannun mai rabon tuwo da ido. Mace ce mai kunya, kuma an yi amfani da kunyarta.

Alhamis mota ba ta zo ba. Aka ce tana layin mai. Jumma'a ta tuna masa, ya ce ai ba a yi rabon ba tukuna, in ta tafi yau motar ta zo gobe fa? Asabar ba mota. Sawudatu ta riƙa fita bakin titi tana leƙawa, ta dawo, ta sake fita. Duk ƙarar da ta ji sai ta miƙe. Wani ciwo ya tsaya mata a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kamar an soka tsinke an bar shi. Ta san sunansa a littafi, ta san abin da yake biyo bayansa. Ba ta ƙara gaya wa kowa ba.

Litinin da hantsi motar ta iso, tsohuwar lore mai katako, tana warin kifi tun daga nesa. Mutumin ƙungiyar ya sauko ya ce ma'aikata su jeru a fili ya gan su. Suka jeru cikin rana, su huɗu, fararen riguna sun yi musu yawa ban da mutum ɗaya. Aka fara sauke buhu, ana aunawa, ana gardama a kan gwangwanin awo ya cika ko bai cika ba. Rana tana hawa.

"Madam tana lafiya?" in ji mutumin, yana duban Sawudatu.

"Lafiya lau," in ji Mashudu. "Nauyin ciki ne."

Aka zo kanta. Ta miƙa hannu biyu, aka ɗora mata kobi manya guda uku. Ta riƙe su a ƙirji. Ta ce, "Sista, wa ya kashe rana?" Sai bakinta ya karkace, idanunta suka juye, ta tafi ƙasa gaba ɗaya kamar an sare ta, jikinta ya kama jijjiga a cikin ƙura.

Azeta ta faɗa kanta, ta juya ta gefe, ta cusa mata gefen zane a baki.

"Makulli, Dokta. Kawo makullin."

Ya laluba wannan aljihu, ya laluba wancan. Abdulgafaru ya fizge makullin daga hannunsa ya ruga. Aka kawo akwatin nan tsakar fili, cikin tsakiyar rana, aka ɗaura mata. Ba wanda ya tuna cewa ya lalace. Azeta ta matsa robar har zaiba ta kusa ƙurewar gilashin. Ba ta faɗi lamba ba, Mashudu ma bai tambaya ba.

Babu wata mota a unguwar sai wannan. Aka ɗaga ta aka shimfiɗa a baya, a kan buhunan kifin sauran asibitoci. Mashudu ya hau ya riƙe kanta, yana kiran sunanta, yana cewa ga shi zai kai ta, ai ya ce zai kai ta. Jijjigar ta lafa, ta dawo, ta sake dawowa kafin su kai tsakiyar gari. A ƙofar babban asibiti, da aka zo sauke ta, kumatunta ɗaya ya yi fari da gishirin buhu. Wata nas ta sa hannu ta share, ta taɓa wuyanta, ta daɗe, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskar. Ba a ceto abin cikin ba.

Da la'asar Abdulgafaru ya tsince kifin ukun daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ɗaura a bayan kekensa tare da garin, ya kai gidan. An gan ta tsaye a bakin aiki, rabon nata ne. Da shi aka yi wa masu zaman makoki miya. Mma Humu tana kuka tana kankare gishirin cikin gwangwani, don ba a zubarwa.

* * *

Shekara ta juyo da ruwa. Masara ta yi, motocin gishiri suka dawo, ƙungiyar ta daina aiko da kobi. Azeta ta bar kwanon gindin kuka, ta koma zuwa da nata ƙunshin daga gida, kuma kowace Talata, bayan mace ta ƙarshe ta fita, takan sa Abdulgafaru ya ɗaura mata, ita ma ta ɗaura masa. Ba sa kallon juna in suna yi.

Mashudu bai ƙara miƙa hannu ba. Da ya miƙa, da ya yarda akwatin lafiyarsa lau tun ranar, shi kuwa ba zai iya ɗaukar wannan ba. Harshensa ya saba, duk abin da aka dafa lami yake ji. Ya koma sayen kobi da kuɗinsa a kasuwa, ga ƙullin gishiri a aljihun farar riga, kusa da asfirin.

Wata azahar a gindin kukar ya kai loma baki, hannun ya faɗi a cinyarsa, garin ya watse. Ya buɗe baki zai yi magana, yawu ne ya fito.

Bai mutu ba. Yana nan a zauren gidansu a Lamashegu, kan tabarma, ɓarin jikinsa na dama a mace, ba ya iya faɗin ko sunansa. An hana shi gishiri har ƙarshen ransa. Mma Humu ce take ɗura masa koko lami da cokali, rabi ya shiga, rabi ya bi haɓa. Kowace Talata da la'asar Sista Azeta takan zo da akwatin a ƙarƙashin mayafi, ta ɗaga hannun nasa daga inda yake yashe, ta ɗaura, ta matsa, ta faɗi lambar da ƙarfi ya ji. Ba shi da ikon janyewa.